Yadda Ake Killace Sauti a Ɗakin Saurare na Ƙarƙashin Tsohon Gida

A yankunan Amurka masu tsananin sanyi, kamar jihohin arewa maso gabas da waɗanda ke kewaye da manyan tafkuna, ƙasa tana daskarewa a lokacin hunturu har zuwa zurfin da yakan kai mita guda ko ya wuce, don haka dole magini ya nutsa harsashin gida ƙasa da inda ƙanƙara ke kaiwa, kuma tun da an riga an sha wahalar haƙa, sai aka saba a ƙara wa ramin zurfi a mayar da shi ɗaki a ƙarƙashin gidan. A gidajen da aka gina daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1930, wannan ɗaki ma'ajiyar kwal ne da tarkace, kuma mazaunin tukunyar da ke ɗumama gida, shi ya sa bangonsa yakan zama na duwatsu ko bulo da aka haɗa da kwaɓin farar ƙasa, rufinsa kuma gajere ne, da ƙyar yake wuce mita 2. Duk da haka, shi ne wurin da masu son kiɗa suka fi zaɓa idan za su keɓe ɗakin saurare, wato ɗakin da babu abin da ake yi a cikinsa sai zama a gaban lasifika biyu, domin ƙasar da ta rungume bangonsa ta riga ta kare maƙwabta daga ƙara. Matsalar tana sama, inda rufin ɗakin yake shi ne daɓen katakon da iyali suke takawa, suke cin abinci, suke kuma kwana a kansa.

Akwai ayyuka biyu da jama'a suke yawan cakuɗawa. Na farko shi ne killace sauti, wato hana shi fita daga ɗaki ko shigowa cikinsa. Na biyu kuwa shi ne gyaran amo, wato rage amsa-kuwwar da ke kai da komo tsakanin bangaye a cikin ɗakin kansa. Ilimin aiki na biyu ya kafu ne a hannun Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard, wanda aka ɗora wa gyaran wani zauren lacca na gidan tarihin Fogg a 1895, ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure cikin dare yana auna daƙiƙoƙin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu, har abin da ya gano ya zama tushen tsarin babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Amma matashin kujera, da labule, da soso, da kwalin ƙwai irin wanda ake gani a manne a bangon ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa a ko'ina, har a Kano, ba sa tare sauti ya bar ratsa bango. Iyakacinsu su tausasa amon cikin ɗaki, kwalin ƙwai ma ko wannan bai cika yi ba. Soso kuma yana da haɗarin da ba a wasa da shi, domin shi ne ya rura gobarar gidan rawa na The Station a jihar Rhode Island a watan Fabrairun 2003, inda mutum 100 suka rasu, kuma an manna shi ne tun farko da niyyar rage ƙara.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ragin desibel 10 shi ne kunne yake ji kamar an raba ƙarar gida biyu. Kaurin sauti ko siririntarsa kuwa ana auna shi da haz, wato yawan kaɗawar iska a daƙiƙa guda, ta yadda sarewa take da haz mai yawa, tambari kuma yake da kaɗan. Siririn sauti ba shi da wuyar tarewa. Mai kauri shi ne ciwon kai, domin tsirkiya mafi kauri ta jitar bes tana kaɗawa sau 41 ne a daƙiƙa, kuma tsawon zango ɗaya na irin wannan sauti ya haura mita 8, ya fi ɗakin kansa tsawo, yana kuma girgiza katako da bututu ya bi ta cikinsu kamar yadda ruwa ke bin kwata. Abu na farko da ke tare shi nauyi ne, kamar yadda duk wanda ya taɓa kwana a soro mai kaurin bango ya sani, sai dai ribar nauyi ba ta da yawa, tun da ninka nauyin bango sau biyu ba ya ƙara komai sai desibel 5 zuwa 6. Abin da ya fi nauyi tasiri shi ne raba jiki, wato a gina bango da rufi na ciki waɗanda ba sa taɓa jikin gidan, a bar iska tsakaninsu. Ya kamata kuma a yi hattara da lambar STC da masu sayar da kayan gini a Amurka suke tallata kayansu da ita, domin ma'aunin yana farawa ne daga haz 125 zuwa 4000, wanda ya dace da muryar mutum, bai kuwa ce komai ba game da dukan ganga da ke hana mutanen sama barci.

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, sai an gama da ruwa. Gwajin da aka saba yi shi ne a manna leda mai faɗin kamar santimita 45 a kan daɓen kankare, a like gefunanta, a bar ta ta kwana. Idan aka ɗaga aka tarar da raɓa a ƙarƙashinta, ko kankaren ya yi duhu, to laima tana tasowa daga ƙasa, kuma duk abin da aka rufe a kanta zai yi funfuna cikin 'yan shekaru. Galibi maganin yana waje, a gyaran indararo da karkata ƙasar da ke jikin gida don ruwan sama ya yi nesa da harsashi. Tsohon gida kuma yana da nasa gubobin. Fentin da aka shafa kafin 1978, shekarar da Amurka ta hana sayar da fenti mai dalma don gidaje, ana ɗaukarsa mai dalma ne har sai gwaji ya wanke shi. Farin naɗin da ke jikin tsofaffin bututun ruwan zafi yakan ƙunshi asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, kuma ƙwararru ne kaɗai ya kamata su cire shi. Sannan ga radon, iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke tasowa daga ƙasa ta taru a irin waɗannan ɗakuna, kuma dole a auna ta tun da mutum zai riƙa shafe sa'o'i a wurin a rufe. Tsohon wayarin da ake ɗaurawa a kan 'yan dunƙulen tangaran an yi shi ne don ya sha iska, ba a yarda a binne shi cikin audugar da ake cusawa a bango da rufi ba, sai an sauya shi. Tukunyar ɗumama gida kuwa a bar ta a wajen sabon ɗakin tare da isasshiyar iska, domin idan aka shaƙe ta, hayaƙinta mai kisa yana iya komowa cikin gida.

Daga nan sai a tuɓe rufin har a ga katakan da ke ɗauke da daɓen sama, waɗanda aikinsu ɗaya ne da na azara a ginin soro, kuma yawanci tazarar santimita 40 ce a tsakaninsu. Masu aikin sukan kunna fitila mai haske a ɗakin sama su kashe ta ƙasa, sai a ga haske yana zubowa ta tsakanin allunan daɓe, da gefen bututu, da ramukan da masu wayarin da masu famfo na zamani daban-daban suka huda suka tafi, kuma duk inda haske ya bi, sauti zai bi. A gidajen da suka girmi 1930 akwai wata kafa da ba a gani daga tsakiyar ɗaki: an gina da yawa daga cikinsu ne da dogayen katakan bango da suka tashi daga harsashi har rufin gida ba tare da yankewa ba, ta yadda ramin da ke tsakanin kowane biyu ya zama bututun da ke kai ƙara, da wuta ma idan ta tashi, kai tsaye zuwa ɗakin kwana na bene. Ana toshe bakin kowane rami da guntun katako da audugar dutse. A nan ne kuma ake duba lafiyar azarar, domin sabon rufi zai yi nauyi: allon jifsam, wanda ɗan uwan silin POP ne da aka matse tsakanin takardu biyu masu kauri, idan kaurinsa milimita 16 ne yana da nauyin kusan kilo 11 a kowace murabba'in mita, don haka shimfiɗa biyu a ɗaki mai mita 4 da mita 5 sun kusa kilo 440. Azarar da aka yi wa gatsa don wucewar bututu, ko wadda gara ta taɓa, sai an haɗa mata sabuwa a gefenta an ɗaure su tare.

Bango ba shi da wani abin mamaki. Ana tayar da sabon firam na katako, a bar ratar akalla santimita 2 zuwa 3 tsakaninsa da dutsen harsashi, a cika shi da audugar gilashi ko ta dutse, a rufe fuskar da ke kallon ɗaki kawai. Abin kiyayewa shi ne kada a kafe kan firam ɗin a jikin azara da ƙusa. Ana riƙe shi ne da maɗaurai masu roba. Daɓe ma, tun da kankare ne a kan ƙasa, kafet mai kauri ya ishe shi.

Rufi ne wurin da aikin yake tsayawa ko ya rushe. Manufar ita ce a rataye allunan jifsam a ƙarƙashin azara ba tare da wani abu mai tauri ya haɗa su ba, kuma tsohuwar hanyar yin haka ita ce amfani da wani siririn ƙarfe mai ƙafa ɗaya, wanda ake ɗaure ƙafar tasa a jikin azara, sauran jikinsa kuma ya tsaya a iska yana ba da kai kamar baka. Dabarar tana da kyau a takarda, amma ratar da ƙarfen yake bayarwa milimita 13 ce kacal. Idan aka haɗa ta da kaurin allo, milimita 16, an sami 29, alhali sukurun da ya fi yawa a aljihun masu ɗaura allo, wato ƙusar nan mai murɗi, tsawonsa milimita 32 ne. Ke nan duk sukurun da ya faɗa daidai saitin azara zai huda allo, ya huda ƙarfe, ya ciji katako, kuma wannan ɗan cizo ya isa ya zama gadar da girgiza za ta hau ta tsallake. Ba a jin bambanci a hannu lokacin ɗaurawa, ba a kuma ganin komai bayan an shafe kan sukurun an yi fenti. 'Yan ƙalilan daga cikinsu sun isa su cinye mafi yawan ribar da aka kashe kuɗi dominta, kuma ba za a sani ba sai ranar da aka kunna kiɗa aka hau sama aka ji kofuna suna rawa a kan tebur. Shi ya sa mai hankali yakan zana layin kowace azara a jikin bango da alli kafin ya ɗaga allo na farko, ya kuma kwashe dogayen sukurori daga ɗakin gaba ɗaya.

Hanyar da ta fi aminci a yanzu ita ce ta maratayai masu roba. Kowane maratayi ɗan ƙarfe ne da aka dasa wa dunƙulen roba a tsakiya, sukuru ɗaya yake ratsa robar ya shiga azara, sannan a matse wani dogon ƙarfe a cikin haɓarsa, wanda idan aka dube shi ta baki yana kama da malafa mai faffaɗan gefe, zurfinsa kuma milimita 22. Ana jera waɗannan ƙarafa a gicciye da azara, tazarar santimita 60 tsakanin layi da layi, maratayi kuma kowace santimita 120, a kuma saɓa wurarensu daga layi zuwa layi don kada azara ɗaya ta ɗauki dukan nauyin. A tsohon gida azara ba sa zama daidai da juna, wata ta lotsa, wata ta murɗe, don haka ana ja zare daga bango zuwa bango a sa 'yan ɓallin katako a bayan maratayan da suka yi sama har layin ya miƙe. Bakin ƙarfe ba ya taɓa bango. Kafin a rufe, sai a bi kowane layi ana tura shi da tafin hannu. Ya kamata ya ɗan motsa ya dawo, kuma inda ya ƙi motsi, akwai bututu ko waya ko kan ƙusa da ya tokare shi. Wannan tsari da allunansa biyu yana cin kusan santimita 7 na tsayin ɗaki, abin da yake da zafi a inda ƙa'idar gini ta yawancin jihohi take neman ƙafa 7, wato mita 2.13, a ɗakin zama, don haka wasu sukan kafa gajerun katakai a tsakanin azara su ɗaura maratayan a can ciki don su ceto 'yan santimita.

Akwai kuskuren da ƙyashin aiki yake jawowa, wato a bar tsohon silin a wurinsa a rataya sabo a ƙarƙashinsa, bisa tunanin cewa shimfiɗa uku sun fi biyu. Iskar da ke tsakanin shimfiɗa biyu tana aiki ne kamar sifirin, kuma kowane sifirin da ke tsakanin nauyi biyu yana da wani sauti da yake amsawa, wanda a daidai shi bangon yake zama kamar babu. Idan ratar tana da zurfi, allunan kuma suna da nauyi, wannan sauti yakan sauka ƙasa sosai inda ba ya damun kowa; idan kuwa ratar 'yar siririya ce, sai ya hau ya zauna a tsakiyar sautin ganga da bes. Saboda haka ake fasa tsohon silin, duk da ƙura da takaicin zubar da aikin kafintocin da suka shekara ɗari a kabari, don a sami zurfin azara gaba ɗaya ya zama rami guda. Idan ana son ƙarin nauyi, a manna shi a can sama, a jikin allunan daɓe ta ƙasa, da sukurun da ba zai ɓullo ta tsakar falo ba. Audugar da ake sawa a ramin kuma ana sa ta ne sakwa-sakwa, domin wadda aka danna da ƙarfi takan zama wata gadar.

Allo na farko yana hawa, a bar ratar milimita 6 a kewayensa, a cika ta da danƙon da ba ya bushewa ya tsage. A bayan allo na biyu ana zuba wani danƙo na daban, wanda aka fi sani da sunan Green Glue, kwalba biyu ga kowane allo. Aikinsa shi ne ya mayar da girgizar allunan ɗumi kaɗan da ba a ji, kuma yana ɗaukar kimanin kwana 30 kafin ya kai ƙarfinsa. Ana saɓa mahaɗan allunan don kada tsaga ta hau kan tsaga. Fitilun da ake nutsawa cikin silin ba su da wuri a nan, tun da kowace ɗaya rami ce.

Yawancin masu wannan aiki ba 'yan kwangila ba ne, masu gidajen ne da kansu: wanda ya yi ritaya yana da ɗaruruwan faya-fayan garmaho da ya tara tun yana saurayi, ko makaɗin da aka haifa masa jariri, ko ma'aikacin da ba ya samun sukuni sai bayan kowa ya kwanta. Sukan yi hayar injin ɗaga allo na kwana biyu, su shafe watanni suna aikin a ranakun hutu. Wannan jinkiri yana da amfaninsa, domin ƙwararren mai ɗaura allo, wanda aka horar da hannunsa a kan sauri da ƙarfin ɗauri, shi ne ya fi saurin ganin rufi yana motsi ya ɗauka aibi ne, ya ƙara masa dogon sukuru don ya tsaya da kyau. Wanda ya ɗauko ma'aikata, to ya tsaya a kansu ranar rufi.

Lissafi ya nuna cewa idan kashi 1 cikin 100 na bango a buɗe yake, bangon ba zai rage fiye da desibel 20 ba ko da na ƙarfe ne, kuma wannan ya sa ƙofa ta zama abin kula. Ƙofar cikin gida ta Amurka yawanci holoƙo ce. Ana sauya ta da mai cikakken katako, a kewaye ta da roba har ƙasanta, wanda yake da hali kuma ya sa biyu, ɗaya a gindin matakala, ɗaya a jikin ɗakin. Akwatunan soket ana naɗe bayansu da wani danƙo mai kama da yumɓu. Sai dai ɗakin da aka toshe haka ba ya numfashi, kuma mutum biyu za su fara hamma da ciwon kai kafin faifai na uku ya ƙare, don haka ake gina wa iska hanya biyu, ta shiga da ta fita, kowace ta bi ta cikin akwati mai nauyi da aka yi wa lungu-lungu aka shimfiɗe da auduga, mai faɗin da zai sa iskar ta tafi a hankali ba tare da huci ba. Bututun kwano da ke kai ɗumi sauran ɗakuna ba a haɗa shi da ɗakin kai tsaye, domin yana kai magana har bene.

Wani abin da yake ba sababbin masu aikin mamaki shi ne, ɗakin da aka killace da kyau yakan fi na da munin sauti a ranar farko. Dalili shi ne tsohon rufi mai rauni yana barin sauti mai kauri ya tsere, sabon kuwa yana mayar da shi ciki, inda yake taruwa a wasu wurare ya ɓace a wasu. Ana iya lissafa inda matsalar za ta faɗo ta hanyar raba saurin sauti, mita 343 a daƙiƙa, da ninkin tsawon ɗaki: mita 5 tana ba da haz 34, mita 4 tana ba da 43, rufi mai mita 2.1 kuma yana ba da kusan 82. Ɗaki mai tsawo da faɗi ɗaya ya fi kowane muni, tun da matsalolin biyu suna hawa kan juna. A nan ne aikin Sabine yake shigowa: ana tara auduga mai kauri a kusurwoyi daga ƙasa har sama, sannan mai saurare ya zauna a kujerarsa wani ya riƙa jan madubi a jikin bango, duk inda aka hango lasifika a madubin a rataya allon auduga da aka lulluɓe da yadi.

Gwajin ƙarshe ana yin sa ne da tsakar dare, bayan danƙon ya cika wata guda, lokacin da titi ya yi shiru. A kunna kiɗa mai ganga a ƙarfin da za a riƙa saurare, a hau sama a bi ɗaki ɗaki. Inda aka ji saura, sai a ɗauki dogon sukudireba a kafa bakinsa a daɓe ko a jikin bututu, a ɗora kunne a kan mariƙinsa, kamar yadda bakanike yake sauraren inji, a bi girgizar har inda ta fi ƙarfi. Sau da yawa takan kai mutum ga katakon gefen matakala da aka manta aka kafe a jikin sabon bango, ko ga ginshiƙin ƙarfen da ke tallafe da babban gungumen tsakiyar gida, wanda gefen allon silin ya jingina da shi. Gyaran na biyun shi ne a yanke milimita 6 a kewayen ginshiƙin a cika wurin da danƙo.